Minti Ukun Ivor Pargeter

Ivor Pargeter mutum ne da ba a taɓa jin a'a a bakinsa ba. Ba wai ba ta zuwa masa ba ne. Takan taso har maƙogwaro, ta tsaya nan kamar ƙayar kifi, sai ya haɗiye ta ya ce, "Ba komai." Maganarsa ma a hankali take fitowa, kamar mai saukowa daga tsani da kaya a ka. In yana da abu mai nauyi da zai faɗa, ba ya farawa da shi. Sai ya gaisa, ya taɓo ruwan saman jiya, ya tambayi lafiyar kare, sannan can a ƙarshe, in mai sauraro bai tashi ba, ya ajiye shi a hankali. Haka ubansa yake, haka kuma yawancin mazan Layin Majema na zamaninsa.

A layin aka haife shi, gida na ƙarshe a hannun hagu, inda kwalta ta ƙare shingen filin hukuma ya fara. Majeman da layin ya ci sunansu ko kakansa bai riske su ba. A gidan ya yi wayo, a gidan ya ajiye amaryarsa Maureen, daga gidan kuma aka ɗauke ta.

Bas ya tuƙa har ya yi ritaya, hanya ɗaya tal: tasha, asibiti, kasuwa, gidajen bayan gada, a dawo tasha. Abokan aikinsa sun san inda za su kai kukansu. Wanda matarsa ke naƙuda, da wanda ke son kallon ƙwallo ran Asabar, da wanda ba ya son aikin ranar Kirsimeti, duk wajen Ivor suke zuwa. Maureen takan ce masa, "Kai ko ɓarawo ne ya ce ka riƙe masa tsani, riƙewa za ka yi, ka kuma tambaye shi sukari nawa yake sha a shayi."

"To, in ya gaji fa?" in ji Ivor.

Da ciwo ya kwantar da Maureen, Glenys Oakshott ce ta tsaya mata, matar gidan da ke jikin nasu. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta kada gefenta ya yi miki, ita ke ba ta miya da ƙaramin cokali. Mijinta Norman shi ke kai su asibiti a motarsa, yana zuba barkwanci duk hanya don kada shiru ya yi yawa. Bayan jana'iza ba wanda ya sake ambaton wannan. A layin nan ba a ambaton irin wannan. Abin da ba a ambata ba kuwa ba ya tsufa.

Ivor ya yi 'yan shekaru shi kaɗai, shi da rediyonsa da 'yan kunyoyin dankali a bayan gida. Sai 'yarsa Bethan ta dawo da akwati biyu da yarinya ɗaya. Mijinta ya ce zai je wajen ɗan'uwansa ya huta kwana biyu, hutun bai ƙare ba har yau.

Carys sunan yarinyar. Tana da jan gashi irin na kakarta, da idanun da ba sa zama a kan fuskar mutum. Ba ta magana. In ƙara ta yi yawa sai ta toshe kunnuwa ta durƙushe, wani lokaci ta riƙa buga goshinta da bango har sai an rungume ta ta baya. In kuwa ta ga ƙofa a buɗe, fita take da gudu, ba ta san mota ba, ba ta san sunanta ba in tana gudu. Ivor ya sa sakata a can saman ƙofar gaba da ta baya, inda hannunta ba ya kaiwa. Ya cire wayar ƙararrawar ƙofa. Ya tsayar da agogon bangon da ke bugawa kowace awa, wanda aka ba su ranar aure. Rediyon ya koma ɗakin ajiyar kayan lambu.

Makarantar unguwa ta yi iya yinta. Da farko yini guda, sannan rabin yini, sannan waya kafin hantsi ya dubi ludayi: a zo a ɗauke ta. Daga baya aka ce ta ɗan zauna a gida har a samu wurin da ya dace da ita. Wurin da ya dace yana wani gari, kuma a cike yake. Bethan ta bar aikinta na kantin magani. Tun daga nan duniyarta ta zama ɗakin girki, falo, da tagar da ke kallon shinge.

Carys na da shekara tara aka wayi gari an ɗaure sanarwa ruwan ɗorawa a jikin falwayar fitilar ƙarshen layi. Ana neman izinin gina makarantar yara masu buƙata ta musamman a filin hukuma, tun daga ƙanana har 'yan shekara sha ɗaya. Za a yanke shingen a daidai ƙarshen layi a yi ƙofa.

Bethan ta bar Carys da kakanta ta je ta karanta. Ta dawo ta shiga wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Sai da ta goge na ƙarshe ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba, in suka fara aiki bana, Satumban baɗi za su buɗe. Tana da shekara goma lokacin. Shekara ɗaya kawai za ta samu."

"Ɗaya kawai?"

"Ɗayar ce komai. Yaron da ke ciki, su suke nema masa makaranta ta gaba. Wanda ke gida kuwa, ba wanda ya san da shi." Ta rataye tsumman. "Taku nawa ne daga ƙofarmu? Ko mota ba sai ta shiga ba."

Ivor bai taɓa jin muryarta haka ba tun dawowarta. Ya ce, "Allah ya sa," ya fita ya duba dankalinsa.

Bayan mako biyu Glenys ta leƙo ta kan katanga ta ce ya shigo shan shayi. Da ya shiga sai ya tarar rabin layin na zaune a falonta, kowa da kofi a gwiwa, ga kek an yanka. Maganar ƙofar makaranta ake yi. Layin siriri ne, mota biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ta hau gefe. Ga ƙananan bas safe da yamma, ga motocin malamai, ga na iyaye. In wani ya faɗi a gida, ta ina motar asibiti za ta bi? Duk gaskiya ne, Ivor ya fi kowa sanin faɗin layi. Kowa kuma da ya buɗe baki sai ya fara da cewa shi ba ya ƙin yaran. An faɗi haka har ya zama kamar gaisuwa. Ba wanda ya ambaci Carys, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninsu da ita.

Dokar kwamitin tsara gari kowa ya santa: mutum ɗaya daga masu adawa, minti uku, mutum ɗaya daga masu goyon baya, minti uku. Saura wa zai tashi.

"Ni dai ku cire ni," in ji Norman. "In na buɗe baki gaban kansilolin nan, sai an kira 'yan sanda. Akwai wanda nake bi bashin zagi tun zaɓen da ya wuce."

"Kai ko a coci ba a ba ka karatu," in ji Glenys. Aka yi dariya. Sai ta juyo. "Ivor, ai kai ka fi kowa daɗewa a layin nan. Kowa ya hau motarka. Kuma kai ba wanda zai ce maka..." Ta tsaya, ta gyara rigar butar shayi da ba ta karkace ba. "Ba wanda zai ce maka komai."

Kowa ya dubi cikin kofinsa. Ivor ya fahimci abin da ba a ƙarasa ba. In kakan irin wannan yarinya ne ya tashi ya ce ba ya so, wa zai ce mutanen layi ba su da imani? A'ar ta taso masa, ya ji ta sarai. Ya ɗaga ido zai sake ta, sai idon ya sauka a hannuwan Glenys a kan butar. Ya san hannuwan nan. Ya ga abin da suka ɗauka, da abin da suka goge, ba su taɓa yin ƙyama ba.

"Ba komai," ya ce.

Bai gaya wa Bethan ba ranar, bai gaya mata ba washegari. Yana jiran lokacin da ya dace, irin lokacin da ba ya zuwa. Glenys ce ta miƙo wa Bethan sauran kek ta kan katanga ta ce, "Ungo, 'yar nan, ki ba babanki. Ki ce mun gode, ya fitar da mu kunya."

"Kunyar me, Anti Glenys?"

A gidan nan ko faɗa da raɗa ake yin sa, saboda Carys. Bethan ta sami babanta a ɗakin girki, ta ja ƙofa a hankali.

"Baba, da gaske ne?"

"Ai magana ce ta minti uku kawai."

"Minti uku na me?"

"Zan san abin da zan faɗa."

"Ka je ka ce mata ka fasa."

"An riga an kai sunana."

"Suna ba ya goguwa? A dutse aka sassaƙa shi?"

"Bethan, matar nan ita ce ta..."

"Na san abin da ta yi wa Mama. Ina nan, da idona na gani." Raɗar tata ta fi ihu kaifi. "Mama ta rasu, Baba. Wannan tana da rai."

Daga falo suka ji ƙarar cokula. Carys na jera su a kan kafet, manya da ƙanana, kamar yadda take yi kullum. Bethan ta koma wajenta. Ivor ya zare sakata ya fita, ya ji an mayar da ita a bayansa.

Ƙarshen layi ya je ya tsaya, don ba inda zai je. Gaba kura, baya sayaki. Ya daɗe yana kallon shingen kafin ya gan shi. Tsohon shinge ne na itacen ƙaya, ya girmi gidajen layin duka. Ubansa ke yi masa aski ta gefen layi, bayansa shi ya gada, ba wanda ya sa su. Da farin fure yake shiga bazara, tsuntsaye kuma suna sheƙa a cikinsa tun yana yaro. Sai wata dabara ta faɗo masa, har ya ji kafaɗunsa sun sauka.

Shinge ba shi da ɓangare. Ba zai ce motoci ba, ba zai ce yara ba. Zai tashi ya yi maganar shinge, Glenys ta ga ya tashi. Ba kwamitin da zai hana makaranta saboda ƙaya da tsuntsu. Za su saurara, su gyaɗa kai, su amince. A ƙarshe kuma, bayan ya gama girmama shingen yadda ya kamata, zai ajiye 'yar magana guda, a hankali, yadda ba za ta soki kowa ba. Wanda ke da kunne zai ji. Ranar ya ci kifi da dankalinsa har ya suɗe faranti.

Ranar zaman kwamiti ya sa kwat ɗin da ya saka a jana'izar Maureen. Norman ya buɗe masa ƙofar mota yana cewa, "Kai, ango! Ina amaryar? Glenys, dubi direba, har da man gashi."

"Rabu da shi," in ji Glenys. Ta juyo daga kujerar gaba tana lissafa masa a yatsu. "Motoci, faɗin layi, motar asibiti. Uku ne kawai, Ivor. Kada ka tsaya gaishe-gaishe."

Bethan ba ta je ba. Wa za ta bar wa Carys? Hukuma na nuna zaman kai tsaye, a wayarta za ta kalla.

Kansiloli na zaune a teburi mai siffar kofaton doki, shugabarsu a tsakiya, mace mai furfura da tabarau a kan hanci. Jami'in tsara gari ya haska zane a bango: azuzuwa ƙasa-ƙasa, lambu, ɗakin da aka yi don yaron da ƙara ta dama ya shiga ya huce. Ivor ya daɗe yana kallon wannan ɗakin. Jami'in ya ce shawararsu ita ce a amince.

"Mista Pargeter," in ji shugaba, "mai magana a madadin masu adawa."

Bai taɓa jin an haɗa sunansa da wannan kalma ba. Ya tashi ya zauna a ƙaramin teburin da ke gabansu. Akwai makirufo, da 'yar fitila a gefensa. Ta kama kore.

"Ranki ya daɗe, barkanku da yamma," ya ce. "Na gode da kuka ba ni dama. Na san kuna da ayyuka da yawa." Ya gyara zama. Ya faɗi sunansa, ko da yake an riga an faɗa, da gidan da aka haife shi. Sannan ya shiga maganar shinge. Ya ce ubansa ya gaya masa kakansa ya tarar da shi. Ya faɗi yadda ake kwantar da reshe a saƙa shi cikin ɗan'uwansa ba tare da an kashe shi ba, aikin da yanzu masu yin sa sun yi ƙaranci. Ya faɗi tsuntsayen da ke ciki, da wanda ke fara kuka kafin sauran, lokacin da yake fita aikin asuba. Ya ce shekarar da aka yi babbar ƙanƙara, shingen ne ya tare wa layin iska. Mutanen da suka saba jin ƙorafin wurin ajiye mota suka ajiye alƙalumansu. Shi ma da kansa ya ji daɗin maganar, don bai taɓa sanin yana da ita ba.

Ya numfasa, ya zo inda yake nufi tun farko. "To, duk da haka, ranki ya daɗe, abin da nake so in ce shi ne..."

Fitilar ta koma ja. Makirufon ya mutu. Bakinsa ya ci gaba da motsi, amma muryar Ivor ba ta taɓa kai tsawon teburi ba ko a ƙuruciyarsa.

"Mun gode, Mista Pargeter, lokacinka ya cika," in ji shugaba, da fara'a. Doka ce, ba ta ƙara wa kowa, ko lauya ne. Ivor kuwa ba mutumin da za a ce ya tashi ya ƙi tashi ba ne.

Wakilin masu ginin, wani saurayi mai sauri, ya yi nasa minti ukun har da canji. Sai aka buɗe muhawara. Wani kansila mai ƙaton gemu ya ɗaga hannu.

"Shugaba, na daɗe a kwamitin nan ban ji magana irin ta dattijon nan ba. Makarantar nan kowa na son ta. To me ya sa sai an kashe shinge? Filin ai ya taɓa babban titi ta ɗaya gefen. A fitar da ƙofar ta can mana. Yara su samu makaranta, layi ya huta, tsuntsaye su huta."

Jami'in ya yi gyaran murya. Ya ce hakan na buƙatar sabon zane, da jin ta bakin masu kula da babban titi.

"Sai a sa shi sharaɗi," in ji mai gemu. "Ba za a sa shebur a ƙasa ba sai an kawo zanen an amince."

Fuskokin teburin suka saki. Ba kullum kansila ke samun hanyar da zai faranta wa kowa ba. Ivor ya ɗaga hannu daga kujerarsa, rabi-rabi, kamar mai tsayar da bas bai tabbata tasa ba ce.

"Yi haƙuri, Mista Pargeter, an rufe jin ta bakin jama'a."

Hannuwa suka tashi, ba wanda ya rage. "An amince, bisa sharaɗi," in ji shugaba.

A baranda Norman ya daki bayansa har ya yi tari. "Tsohon dila! Mu muna ta haushi kan motoci, ashe kai ta ƙarƙashin ƙasa kake tafiya. Shinge! Wa ya koya maka siyasa, direba?" Glenys ta kama hannunsa da hannuwanta biyu, idonta ya kawo ruwa. "Ka ga," ta ce daga baya, "kowa ya samu. Ita ma jikar taka ta samu."

Ivor ya zame ya je wajen saurayin nan wakilin masu ginin, wanda ke cusa takardu a jaka.

"Sannu, samari. Don Allah, yaushe za a fara aikin?"

Saurayin ya ɗago. "Au, baba mai shinge." Ba da fushi ya faɗa ba, gajiya ce. "Babban titi ba a hannun waɗannan yake ba, na wata hukuma ne. Sai an auna motocin da ke bi, a sake zane, a kai musu, su dawo da shi, a sake kaiwa. Wataƙila sai an faɗaɗa mahaɗar ma."

"Kamar wata nawa?"

"In an yi sa'a, shekara guda za mu ƙara." Ya ja zif ɗin jakarsa. "Ban cika ganin ana yin sa'a ba."

Da suka iso layi rana ba ta faɗi ba. Norman ya ce a wuce mashaya a jiƙa maƙoshi, Ivor ya ce bari ya cire kwat tukuna. Ya ƙwanƙwasa ƙofarsa a hankali, da yatsa ɗaya, yadda ake yi. Bethan ta buɗe ta koma ɗakin girki. Wayar na kife a kan teburi. Ba sai an yi mata bayanin sharaɗi ba. Zaman gida ya sa ta san dokokin nan fiye da yadda take so.

"Ka yi magana mai daɗi," ta ce. "Ban san ka san tsuntsaye haka ba."

"Ban gama ba. Akwai saura."

"Na ga bakinka na motsi."

Ya tsaya riƙe da bayan kujera.

"Me ka ce?"

"Cewa na yi... shinge in an yanke shi yana sake tsirowa. Ni ma zan dasa musu wani da hannuna. Amma yaro ba ya jira. Na ce ina da jika."

Bethan ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Da ka fara da ita, Baba," ta ce.

Jaridar gari ta buga labarin da manyan baƙaƙe, cewa an amince da sabuwar makaranta. Mutanen da suka san Bethan tun tana kanti suka riƙa aiko mata da barka. Tana amsawa da godiya.

Ran Litinin Ivor ya sake sa kwat ɗin, ya hau bas ɗin da ya tuƙa shekara da shekaru, ya je ofishin hukuma. Ya gaya wa yarinyar da ke teburin karɓar baƙi cewa yana da sauran magana da bai ƙarasa ba a zaman kwamiti, ko akwai inda ake ƙarasawa. Ta kira wani a waya, ta saurara, ta ajiye.

"Baba, an ce hukunci ya riga ya fita, ba a sake buɗe shi. Amma ba kai ne na masu adawa ba?"

"Haka aka rubuta."

"To ai kun yi nasara," ta ce, tana murmushi, ta dubi na bayansa.

Ya shiga wajen Glenys ma, sau ɗaya, da niyyar ya gaya mata abin da ya so faɗa. Ta zuba masa shayi, ta yanko kek, ta ce ba ta taɓa yin barci mai daɗi irin na 'yan kwanakin nan ba, don kullum tana tunanin ranar da zuciyar Norman za ta sake bugawa motar asibiti ta kasa shigowa. Ivor bai san zuciyar Norman ta taɓa bugawa ba. A layin nan ba a ambaton irin wannan. Ya shanye shayinsa ya yaba kek ɗin.

Wajen ƙarshen shekara tsohon kantin Bethan suka nemi mai riƙe musu safiya uku a mako. Ta faɗa a wajen cin abinci kamar labarin wani, ta ce ba zai yiwu ba. Ivor ya ajiye cokali. Wannan karon bai taɓo ruwan sama ba.

"Je ki," ya ce.

"Ba ka iya ta ba, Baba. In ta tashi buga kai..."

"Ki nuna mini."

Ta nuna masa. Yadda ake zuwa ta baya ba ta gaba ba, yadda ake riƙewa da ƙarfi ba tare da an matse ba, kofin da take sha da wanda in ta gani za ta jefar, kalmomin da ba a haɗa mata fiye da biyu. Ya koya a hankali, kamar yadda yake komai. Ya sha cizo a damtse, ya ɓoye a ƙarƙashin riga. Tsofaffin direbobi na haɗuwa karin kumallo duk ran Alhamis a shagon shayin tasha, kujerarsa ta daɗe a wofi har wani ya gaje ta. Dankalin bayan gida ciyawa ta cinye shi.

Norman kan leƙo ta kan katanga. "Direba, ka ɓuya! Ko sabuwar amarya ka yi ba mu sani ba?"

"Aiki na samu," in ji Ivor.

"A waɗannan shekarun? Nawa suke biya?"

"Ba a yi ciniki ba tukuna."

Da safe in Bethan ta fita, yakan zauna a ƙasa kusa da Carys, gwiwoyinsa na ƙara, ya bar 'yar tazara tsakaninsu. Ba ta kallonsa. Amma akwai ranar da ta ɗauki hannunsa kamar yadda ake ɗaukar kayan aiki, ta kai shi kan famfo, ta jira. Ya buɗe mata ruwa. Da Bethan ta dawo ya gaya mata, ta ce ai ita ma haka take mata, amma ta sake tambayarsa yadda aka yi, ya sake faɗa.

Daga tagar sama ana hango ɗaya gefen filin. Wani lokaci mutum biyu masu riguna ruwan lemo sukan zo bakin babban titi da abin awo mai ƙafa uku, su leƙa, su rubuta, su tafi. An ce zane na biyu ma an dawo da shi a gyara. Satumban da Bethan ta lissafa ya zo ya wuce, filin na nan da ciyawarsa, masu karnuka na zagaya shi safe da yamma. Bethan ta daina hawa sama ta duba. Ivor ne ke hawa, in yarinyar ta yarda ta biyo shi. A watan Maris Carys za ta cika sha ɗaya.